ZUCIYA KO IYAWA: WACCE KE ƊAUKO KOFI?

Yau dai zan ɗan saki layi, in ajiye zancen littafi a gefe in taɓo maganar tamaula. Ina roƙon 'yan'uwa mata, waɗanda na san wasunsu da sun ji an ambaci ƙwallo sai su taɓe baki, da kada su yi saurin wucewa, domin in suka bi ni a sannu za su tarar maganar ta ƙannensu ce da 'ya'yansu, waɗannan da ke fita da sassafe da takalmi rataye a wuya su dawo da hantsi buɗu-buɗu da ƙura.

Duk wanda ya saba leƙa gidajen kallon ƙwallo na nan kudancin Kaduna, tun daga Kakuri da Makera da Nasarawa har zuwa Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, ya san hukuncin da ake yankewa da zarar alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi. In an ci mu, sai ka ji ana cewa, "Ai ba su sa zuciya ba," ko "Ba su da kishi," ko kuma "Kuɗi ya lalata su." In kuwa mu muka ci, sai a ce, "Kai, yau yara sun sa zuciya!" Wani ya faɗa da Hausa, wani ya faɗa da buroka, amma duk zancen ɗaya ne. Da wuya ka ji wanda ya ce an ci mu ne saboda an fi mu iyawa, kamar faɗin haka wani abin kunya ne.

To, ni dai ra'ayina shi ne, zuciya tana iya ciyo maka wasa ɗaya, wani lokaci ma har ta miƙo maka kofi, amma ba ta iya riƙe maka shi. Abin da ke riƙewa iyawa ce, ita kuwa iyawa ba a ranar wasa ake samo ta ba, koyar da ita ake yi shekara da shekaru. Kuma yawan ɗora komai a kan zuciya da muke yi ya zama mafaka ga waɗanda hakkin koyarwar ke wuyansu.

Na san hujjar farko da za a jefo mini, wato Atlanta. A ranar 31 ga Yulin 1996, a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik a Amurka, aka tafi hutun rabin lokaci Birazil na da 3 Najeriya na da 1, kuma ɗayan ma Roberto Carlos ne ya ci gidansu. Bayan an dawo Okocha ya ɓarar da fenareti. Mutane da yawa suka kashe talabijin suka kwanta. Sai ga Victor Ikpeba ya farke ɗaya a minti na 78, Kanu ya farke ta biyu ana dab da tashi, sannan ya ƙara ta huɗu a farkon ƙarin lokaci, wasa ya ƙare 4 da 3. Kwana uku bayan haka aka doke Ajantina 3 da 2 aka rataya zinare. Mu mutanen Kaduna mun fi kowa bugun ƙirji da wannan nasara, domin 'ya'yan garin nan biyar ne a cikin tawagar: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. A wasan ƙarshe ma biyu daga cikin ƙwallaye ukun na 'yan Kaduna ne, Celestine ya ci da ka, Amokachi ya ɗaga wa gola ita ta sama. Sai a ce, in ba zuciya ba me zai dawo da wanda ake ci 3 da 1 a hannun Birazil?

Ban musa ba, akwai zuciya. Amma mai karatu, tsaya ka duba su wane ne masu zuciyar. Kanu ya riga ya ɗauki Kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995. Amokachi ya ɗauki kofin FA na Ingila da Everton a wannan shekarar. Amunike, wanda ya ci ta ƙarshe a ragar Ajantina, shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 1994. Taribo West ya zo ne daga Auxerre, wadda ta ci gasar Faransa a 1996. Okocha a Jamus ya goge, Ikpeba yana Monaco, Celestine yana Anderlecht. Ashe ba 'yan ƙauye ne aka kwaso da tsakar rana suka je suka ba Birazil mamaki da ƙarfin hali ba, ƙwararru ne suka haɗu da ƙwararru. Ka sake kallon ƙwallon da Kanu ya farke: ana cikin turmutsutsu a bakin raga, kowa na kai ƙafa, shi kuwa ya juya wa raga baya, ya ɗan ɗaga ƙwallon sama, ya juyo ya zura ta. Da mai zuciya ne zalla da ya ɗirka ta da iya ƙarfinsa ta bugi ƙafar wani ta fita. Abin da ya sa ya natsu a inda kowa ya ruɗe shi ne ya yi irin wannan sau dubu a wajen atisaye. Kada kuma a manta, a zagayen rukuni na wannan gasar dai Birazil ta ci Najeriya 1 da nema. An haɗu sau biyu, kowa ya ci sau ɗaya. Zuciyar tana ina a ranar farko?

Hujja ta biyu ita ce Faransa 1998, kuma ita ce ta fi ƙarfi a wurin masu cewa zuciya ce komai. Najeriya ta doke Sifen 3 da 2, wasan da Garba Lawal ya bugo ƙwallo daga gefe Zubizarreta ya tura ta cikin ragarsa, Oliseh kuma ya rufe da wani harbi daga nesa. Jama'a suka fara lissafin haɗuwa da Birazil, sai Denmak ta zuba mana 4 da 1, biyu daga ciki tun ba a cika minti 15 ba, Tijjani Babangida ne ya ci mana ta share hawaye. Aka ce ga shi nan, ga iyawa amma babu zuciya. To amma ruwa ba ya tsami banza. Najeriya ta ƙi zuwa gasar cin kofin Afirka ta 1996 a Afirka ta Kudu, aka hana ta shiga ta 1998, ke nan tawagar ta rasa manyan gasa biyu da za ta goge a ciki. Philippe Troussier ne ya samo tikitin, aka sauya shi da Bora Milutinovic saura wata shida a fara. A wasannin share fage Yugoslabiya ta ci mu 3 da nema, Holan ta ci mu 5 da 1. Denmak kuwa ta zo da Peter Schmeichel a raga da 'yan gidan Laudrup biyu a gaba, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Abin da ya kayar da mu rashin shiri ne, kuma iya wasa tare shi ma iyawa ce da ake koya. Bahaushe ya riga ya gama magana da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu dawo gida. A 2010 Kaduna United ta haɗu da Enyimba ta Aba a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda a lokacin ake kira Federation Cup. Enyimba ce zakaran lig na wannan shekarar, ita ce kuma ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. Aka tashi 3 da 3, aka je bugun fenareti, Kaduna United ta ɗauko kofi. Wannan rana kam ta masu zuciya ce, kuma babu mai ƙwace musu ita. Sai dai kash! Shekara huɗu bayan nan, a 2014, Kaduna United ta faɗo daga babban lig. Enyimba kuwa ta sake cin lig a 2015 da 2019 da 2023, ta cika tara. Sili-ɗaya-ƙwale wasan rana ɗaya ne, kowa na iya tashi da sa'a, gola ya kwana da kyau, turke ya tare maka biyu. Lig kuwa yau da gobe ce, gida da waje, rani da damina, kuma yau da gobe ba ta rufa wa kowa asiri.

Akwai waɗanda suka daɗe da gane wannan bambanci har suka gina gasarsu a kansa. A Amurka da Kanada ana wani wasa mai suna hoki, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara, inda mutum shida-shida ke sulu da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa suna kora wani ɗan faifan roba da sanda. Wasa ne na gudu da bangaza, har ɗan wasa ba ya cika yin fiye da minti ɗaya a fili sai a canza shi ya huta ya dawo. A babbar gasarsu ta NHL, in an gama lig, ƙungiyoyi 16 ne ke shiga neman kofin Stanley, kuma ba a fitar da kowa da wasa ɗaya. Ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sau bakwai in ta kama, wanda ya fara cin huɗu shi ya wuce. Zagaye huɗu ake yi, ke nan sai ka ci wasa 16 kafin ka taɓa kofi. Hikimar ita ce a rage wa sa'a ƙarfi, domin wanda ya ba ka mamaki yau, jibi za ku sake haɗuwa ka riga ka karance shi.

Duk da haka a 2019 aka ga abin al'ajabi. Tampa Bay Lightning ta ci wasa 62 cikin 82 a lig, babu ƙungiyar da ta kama ƙafarta a iyawa. Ta haɗu da Columbus Blue Jackets wadda ta shigo da ƙyar. A wasan farko Tampa na gaba da 3 da nema, aka juyo aka ci ta 4 da 3, daga nan Columbus ta takura ta, ta hana ta sakat, ta cinye wasa huɗu a jere. Masu cewa zuciya ce komai sai su ce to ga shi, har a gasar wasa bakwai. Amma a ƙarasa labarin. Ita kanta Columbus ba taron 'yan koyo ba ce, mai tsaron ragarta Sergei Bobrovsky sau biyu ana zaɓensa gwarzon masu tsaron raga. Kuma a zagaye na gaba Boston ta sallame ta. Tampa kuwa ba ta kori kocinta Jon Cooper ba, ba ta sayar da gwanayenta irin su Kucherov da Hedman da Point ba. Abin da ta yi shi ne ta nemo 'yan aikin ƙarfi irin su Blake Coleman da Barclay Goodrow ta haɗa da su. A 2020 suka sake haɗuwa da Columbus, wasan farko sai da aka shiga ƙarin lokaci na biyar kafin Tampa ta ci, ta fitar da su 4 da 1, ta ɗauki kofin a shekarar, ta sake ɗauka a 2021. Darasin a fili yake: mai iyawa in ya sha kaye yana iya ƙaro himma cikin shekara guda, amma mai himma zalla ba ya iya ƙaro iyawa cikin shekara guda.

Abin tambaya a nan shi ne, ina 'yan Kaduna na wancan zamani suka samo tasu iyawar? Ba daga sama ta faɗo ba, kuma kaso mai yawa daga wannan tsallaken kogin ta fito. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙu irin su Arewa da UNTL suka biyo baya, ga kuma ma'aikatar ƙera makamai ta DIC. A lokacin kamfanoni da ma'aikatu ne ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo a duk faɗin ƙasar, irin su NEPA ta Legas da Leventis ta Ibadan da BCC ta Gboko. Yaro mai basira yana da inda zai je: ga fili, ga koci, ga abin sawa a aljihu, ga manya da zai kalla ya kwaikwaya. Marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, a ƙungiyar UNTL ya fara kafin ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, mutumin da ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a ragar Bulgeriya a 1994, ya kuma ci mata 37 jimilla. Ranchers Bees da muke taƙama da ita asalinta DIC Bees ce. Ita ce ta kai wasan ƙarshe na kofin masu riƙe da kofuna na Afirka a 1988, Bizertin ta Tunisiya ta fi ta da ƙwallo ɗaya tal a wasa biyu, sannan a 1989 ta doke ASEC ta Abijan ta ɗauki kofin WAFU. A cikinta Westerhof ya hango Amokachi, ya tafi da shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya yana ɗan shekara 17.

Yau fa? KTL ta rufe a 2002. UNTL ta tsaya a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta daga baya ba ta koma yadda take ba. Da masaƙu suka mutu ba albashi kaɗai aka rasa ba, har da makarantar da ba a rubuta sunanta a allo ba. Amma yaran ba su ƙare ba. Ka zaga duk wani fili na firamare ko kangon da ba a gina ba a kudancin garin nan da sanyin safiya, za ka same su suna gudu, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. In zuciya ce, wallahi waɗannan yara sun fi na da, domin na da suna da abin komawa, su kuwa waɗannan ƙwallon ce kaɗai ƙofar da suke hange. Abin da suka rasa shi ne mai tsayar da su ya ce, "Kai, ba haka ake tare ƙwallo ba, ɗago kanka ka duba kafin ta iso." Yaro zai shekara goma yana buga ƙwallo da ƙafa ɗaya babu wanda ya tilasta masa ya koyi ɗayar. In ya je gwaji aka ƙi ɗaukarsa, sai mu ce bai dage ba, ko a ce ba shi da uwa a gindin murhu. Daga nan sai wani ɗan damfara ya zo da sunan wakili ya ce zai kai shi Turai, uwa ta sayar da keken ɗinkinta, uba ya jinginar da fili.

Na san dalilin da ya sa zancen zuciya ke mana daɗi. Labarin da ya fi shiga rai, a littafi ne ko a fim, shi ne na talaka ɗan talaka da ya tashi ba shi da komai sai ƙarfin hali, ya kayar da ɗan gata. Babu mai son karanta babi goma na yaro yana buga ƙwallo a jikin bango da ƙafar hagu. Amma a rayuwa waɗannan babi goman su ne labarin. Sannan zancen zuciya ba ya cin kuɗin kowa. In ka ce yara ba su da kishi, ka gama, laifi ya koma kansu. In kuwa ka ce ba a koya musu ba, dole a tambayi wa ya kamata ya koyar, ina filin da aka yanka aka yi shaguna, ina malamin wasanni na makaranta, ina kuɗin da aka ware.

Don haka ga 'yar shawarata, ba kuma sai an jira Abuja ba. Na farko, masu hali da 'yan siyasar da ke sa kofi duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, a yi sati biyu ana sili-ɗaya-ƙwale a raba riguna masu hotonsu a watse, su sani irin wannan gasa ba ta koya wa yaro komai sai rafke da neman fenareti. Da za su mayar da kuɗin a yi lig na unguwanni, gida da waje, wata shida ana bugawa, da yaro ya samu wasa ashirin maimakon biyu, wanda aka ci yau ya je ya gyara ya dawo. In ma aka haɗa da unguwannin arewacin kogi, Kawo ta zo Kakuri, Barnawa ta je Unguwar Rimi, to an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin tun rikicin 2000 da na 2002 gadar nan ta zama kamar iyaka, alhali biyar ɗin nan na Atlanta akwai Musulmi akwai Kirista, kuma riga ɗaya suka sa. Na biyu, tsofaffin 'yan wasan da ke zaune a garin nan, waɗanda suka buga a zamanin masaƙu da Ranchers, a neme su, a tura su kwas na horarwa, a ba su ɗan alawus su riƙe yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na uku, ƙananan hukumomi su tsare sauran filayen da suka rage kafin a wayi gari babu ko ɗaya. Na huɗu kuma iyaye, duk yaron da zai yi ƙwallo ya haɗa da karatu ko sana'a, domin a cikin ɗari da ke gudu a fili ba kowa ne zai ci abinci da ƙafarsa ba.

Ku kuma samari, kada wani ya ce na hana ku dagewa. Himma ba ta ga rago, kuma ranar da gwani ya haɗu da gwani, wanda ya fi jure wahala shi ke tafiya da kofi. Abin da nake cewa shi ne ku kai himmar inda za ta haihu. Gudun da za ka yi ranar wasa kowa na iya yinsa, abokin karawarka ma da tasa zuciyar ya zo, shi ma uwarsa ta yi masa addu'a. Wanda ba kowa ke iyawa ba shi ne na ranar Talata da babu ɗan kallo ko ɗaya, kai da bango da ƙafar da ba ka iya ba.

Wanda ke da ja a kan wannan magana ƙofa a buɗe take, musamman magoya bayan Ranchers na asali, waɗanda na san ba a raba su da musu. Allah ya jiƙan Yekini da sauran mazan jiya da suka riga mu gidan gaskiya, ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da garinmu lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in mai duka ya kai mu. Na bar ku lafiya.